Nargis, Uwar Indiya

'Yan'uwana mata, yau labarin Nargis na kawo muku, wadda duk mai kallon silimar Indiya ta san fuskarta.

Sunanta na yanka Fatima Rashid. An haife ta a Kalkata cikin 1929, uwarta Jaddanbai kuwa mawaƙiya ce. Tun tana 'yar shekara 6 ta fara fitowa a fim.

A 1957 ta yi Mother India, wanda a ganina duk ya fi sauran finafinanta. Ta fito a matsayin Radha, matar manomi, wadda bashin da aka ci don bikinta ya cinye amfanin gonarsu. Miji ya rasa hannuwa, ya shiga duniya, ita kaɗai ta yi noma ta goyi 'ya'ya, ba ta sayar da mutuncinta ba. Iyayen amare, ku dubi abin da bashin biki ke jawowa.

Ana cikin ɗaukar fim ɗin gobara ta rutsa da ita, Sunil Dutt, mai fitowa a ɗanta, ya cece ta. Suka yi aure a 1958, suka haifi 'ya'ya 3. Daga nan ta ja baya da fim, ta kama taimakon yara naƙasassu. A 1980 aka naɗa ta 'yar Majalisar Dattawan Indiya.

Ciwon daji ya yi ajalinta ran 3 ga Mayu, 1981, saura 'yan kwanaki a nuna Rocky, fim ɗin da ya fito da ɗanta Sanjay.