Arthur Ashe: Baƙar fata na farko a tawagar Amurka ta Kofin Davis

An haifi Arthur Ashe ranar 10 ga Yulin 1943 a Richmond, jihar Virginia ta Amurka, a zamanin da wariyar launin fata ta hana yaran baƙaƙe buga tanis da fararen fata a garin. Mahaifinsa mai kula da wani filin wasanni na baƙaƙe ne, kuma a nan yaron ya koyi wasan.

A 1963 ya zama baƙar fata na farko da aka saka a tawagar Amurka ta Kofin Davis, gasar da ƙasashe ke karawa da juna a tanis na maza. Da shi Amurka ta ɗauki kofin a 1968, 1969 da 1970. A ƙashin kansa kuma ya lashe gasar US Open a 1968, Australian Open a 1970 da Wimbledon a 1975.

Duk da wannan suna, gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu ta hana shi biza. Bai yi shiru ba, ya yi ta kira da a ƙaurace wa ƙasar, kuma a 1970 aka fitar da ita daga Kofin Davis.

A 1971, yayin wani rangadi a Afirka, ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana wasa a Yawunde, babban birnin Kamaru. Ya ja hankalin hukumar tanis ta Faransa a kansa, aka kai yaron Nice don horo. Sunansa Yannick Noah.

Ciwon zuciya ya sa Ashe barin wasa a 1980, ya zama kyaftin ɗin tawagar Amurka daga 1981 zuwa 1985, ya ci kofin a 1981 da 1982. A wasan ƙarshe na 1982 a Grenoble, 'yan wasansa sun doke Faransa da ci 4-1, alhali Noah ne gwarzon Faransawa. A 1991 kuwa Noah, yana kyaftin, ya doke Amurka a Lyon, ya kawo wa Faransa kofin karo na farko tun 1932.

Ashe ya kamu da cutar ƙanjamau, ana danganta ta da ƙarin jinin da aka yi masa a tiyatar zuciya a 1983. Ya sanar da duniya a 1992, ya ƙarasa rayuwarsa yana wayar da kai kan cutar. Ya rasu a New York ranar 6 ga Fabrairun 1993, yana da shekara 49.