Betty Archdale: Lauyar da ta jagoranci wasan kurket na mata na farko tsakanin ƙasashe

Kusan kowace shekara cikin watan Yuni, ƙungiyoyin kurket na mata daga ƙasashen da ba su yi nisa a wasan ba kan hallara a Kigali, babban birnin Ruwanda, domin gasar Kwibuka. An fara ta a 2014 don tunawa da kisan ƙare dangi da aka yi wa 'yan ƙabilar Tutsi a 1994. Najeriya ta buga, Mali ta buga, har Brazil da Jamus sun taɓa zuwa. Gasa ce da ba ta da manyan kuɗi ko taurarin da duniya ta sani, amma a nan ƙananan ƙasashe ke samun abin da ya fi yi musu wuya, wato abokan karawa.

Karawar mata da sunan ƙasa a wannan wasa ta samo asali ne daga wata tafiyar jirgin ruwa a 1934, wadda wata ɗalibar shari'a mai shekara 27 ta jagoranta. Sunanta Betty Archdale.

Matashin da ya tashi a Dogondutsi ko Tibiri, inda kokawa da ƙwallon ƙafa suka mamaye fage, zai iya girma bai taɓa ganin kurket ba, sai idan neman abinci ya kai shi Legas, Landan ko Dubai ya tarar da 'yan Indiya da Pakistan na bugawa a fili ranar hutu. Tsarin wasan kuwa mai sauƙi ne. Kowane ɓangare na da mutum 11. Ɓangare ɗaya na jifa da ƙwallo, ɗayan na bugu da faffaɗan katako yana tara maki. Mai jifa na neman ya kaɗe sanduna uku da ke kafe a bayan mai bugu, ko a cafe ƙwallon da ya buga kafin ta taɓa ƙasa. Da zarar an fitar da mutum goma, sai a yi musanya. Akwai gajeren wasa na 'yan sa'o'i da ake kira T20, irin wanda ake yi a Kigali, akwai kuma dogo na kwanaki da ake kira Test, wanda shi ne na zamanin Archdale.

Gidan da ta fito

An haifi Helen Elizabeth Archdale a Landan ranar 21 ga Agusta, 1907. Mahaifinta hafsan sojan Birtaniya ne, ya mutu a 1918, shekarar da aka gama Yaƙin Duniya na Farko, lokacin tana da shekara 11.

Ta wajen uwa ta gaji taurin kai. Kakarta, Helen Evans, na cikin mata bakwai da suka kafa tarihi da shiga Jami'ar Edinburgh domin karatun likita a daidai lokacin da ake ganin hakan abin kunya ne. Mahaifiyarta, Helen Archdale, na cikin matan da suka yi gwagwarmayar nema wa mata 'yancin kaɗa ƙuri'a a ƙarƙashin Emmeline Pankhurst. An kama ta a Dundee a 1909, aka sake ɗaure ta a 1911 saboda farfasa tagogi lokacin zanga-zanga. Betty na 'yar shekara huɗu uwarta ke kurkuku. Sai a 1918 aka bai wa wasu matan Birtaniya da suka haura shekara 30 damar zaɓe, aka daidaita su da maza a 1928.

Ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta St Leonards da ke St Andrews. Daga nan ta tafi Jami'ar McGill a Kanada, ta kammala digiri a fannin tattalin arziki da kimiyyar siyasa a 1929, ta komo Landan ta shiga karatun lauya, tana buga wa yankin Kent wasa a gefe. Ƙungiyar kurket ta matan Ingila ba ta daɗe da kafuwa ba a lokacin, don a 1926 aka kafa ta.

Tafiya zuwa Ostireliya

Da gayyata ta zo daga matan Ostireliya, an zaɓi 'yan wasa 15, aka naɗa Archdale kyaftin. Ba albashi, ba alawus. Kowace da kanta ta nemo kuɗin jirginta, sannan ta bar aiki ko karatu na tsawon watanni, domin tafiyar ruwa kaɗai makonni take ci.

Lokacin kuma bai da daɗi. Shekara biyu kafin nan, a kakar 1932 zuwa 1933, ƙungiyar mazan Ingila a ƙarƙashin Douglas Jardine ta je Ostireliya da wata dabara ta jifan jikin mai bugu da gangan, domin ta karya lagon gwarzonsu Don Bradman. A wasan Adelaide ƙwallo ta sami kyaftin Bill Woodfull a ƙirji, ta kuma fasa wa Bert Oldfield ƙoƙon kai. Hukumomin wasan na ƙasashen biyu suka yi ta aika wa juna zafafan saƙonni, har abin ya kusa taɓa hulɗar gwamnatoci. Matan Archdale ne tawagar Ingila ta farko da ta buga wasan Test a ƙasar bayan wannan rikici. Kyaftin ɗin mai saurin magana ce, mai barkwanci, ba ta da girman kan da 'yan Ostireliya suka tsana a wajen Jardine, kuma jaridun ƙasar sun karɓe ta hannu bibbiyu. Marubuta tarihin wasan da dama na lissafa wannan ziyara cikin abubuwan da suka sanyaya zukata.

Ranar 28 ga Disamba, 1934, a Brisbane, aka fara wasan Test na mata na farko a tarihi. Margaret Peden ce ta jagoranci masu masaukin baƙi. Myrtle Maclagan ta Ingila ta fitar da mutum bakwai, maki 10 kacal aka samu a kanta, Ostireliya ta tashi da 47. Da Ingila ta karɓi bugu, Maclagan ta ci 72, Archdale ta ci 32 ba tare da an fitar da ita ba. Ingila ta yi nasara. A Sydney cikin Janairun 1935 ta sake nasara, inda Maclagan ta ci 119, mace ta farko da ta kai maki ɗari a wasan Test. Na uku a Melbourne aka tashi ba wanda ya ci wani.

Abin da ya faru a Christchurch

Daga nan tawagar ta tsallaka New Zealand, kuma a nan ne labarin ya fi shafar ƙasashe masu tasowa a yau. Hukumar kurket ta matan New Zealand ba ta wuce shekara guda da kafuwa ba, 'yan wasanta ba su taɓa karawa da wata ƙasa ba. Cikin Fabrairun 1935 a Christchurch, aka fitar da su duka da maki 44. Ingila ta shiga bugu, Betty Snowball ta ci 189, Molly Hide ta ci 110, kuma Archdale ba ta ce ya isa ba sai da maki ya kai 503. New Zealand ta ƙara 122 a zagaye na biyu. Ingila ta ci wasan da ratar maki 337 ba tare da ta buƙaci zagayenta na biyu ba. Makin Snowball ya zauna a matsayin mafi yawa na mace guda har 1986.

Mai kallo zai iya cewa kyaftin ɗin ba ta da tausayi, don tana iya dakatar da bugun tun a 300 ta ci wasan cikin ruwan sanyi. Amma dukan da New Zealand ta sha a rana biyu ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da abin da ya biyo baya. Sai a 1948 ta sake buga wasan Test, bayan shekara 13. Nisa, rashin kuɗi da yaƙin duniya suka haɗu suka bar ta ba abokin karawa. Nasararta ta farko a wannan dogon wasa sai a 1972, a kan Ostireliya. Tsara guda ta 'yan wasa ta tsufa da wasa ɗaya tal a tarihinta.

Wannan giɓi ne gasannin yanki irin Kwibuka ke cikewa. Daga Yulin 2018 hukumar kurket ta duniya, ICC, ta ba duk wasan T20 na mata tsakanin mambobinta cikakken matsayin wasan ƙasa da ƙasa. Shekara guda bayan haka matan Mali suka je Kigali. A wasansu da Ruwanda aka fitar da su duka da maki 6, Ruwanda ta cimma su da jifa huɗu. Yuganda ta zuba musu 314, su kuma suka ci 10. Labarin ya zagaya duniya, aka yi ta dariya a shafukan sada zumunta, wasu masu sharhi suka ce an zubar da darajar littafin tarihin wasan. Sai dai a cikin mako guda matan Mali sun buga wasa shida, abin da matan New Zealand na 1935 ba su samu ba a tsawon ƙuruciyarsu. Ita kanta Ruwanda mai masaukin baƙi sai a 2023 ta fara ɗaukar kofin gasar da ta ƙirƙira.

Najeriya ta bi wannan hanya. Kurket ya shigo ƙasar tun zamanin Turawa ta makarantun maza irin Kwalejin Katsina, inda Ahmadu Bello ya buga shi yana ɗalibi, mata kuwa sun daɗe a bayan fage. Ƙungiyar matan ƙasar ta je Kwibuka a 2021, aka fara shirya wata gasar gayyata a dandalin Tafawa Ɓalewa da ke Legas a 2022, sannan ta ciyo tagulla a wasannin Afirka da aka yi a Accra cikin Maris 2024. A Janairun 2025, a gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 a Malesiya, 'yan matan Najeriya suka doke wata ƙasa da ratar maki biyu. Ƙasar kuwa New Zealand ce, wadda manyanta suka ɗauki kofin duniya na T20 a Dubai watanni uku kafin nan.

Bayan ta ajiye katako

Rayuwar Archdale a fagen ƙasa da ƙasa gajeriya ce: wasan Test biyar, maki 133. Da matan Ostireliya suka rama ziyara a 1937, Molly Hide ce kyaftin. A shekarar ne Archdale ta zama cikakkiyar lauya a Gray's Inn da ke Landan.

Yaƙin Duniya na Biyu ya katse aikin lauyan. Ta shiga sashen mata na rundunar sojan ruwan Birtaniya, aka tura ta Singafo a 1941 tana shugabantar wasu mata masu aikin sauraron saƙonnin rediyo. An kwashe su zuwa Kolombo kafin birnin ya faɗa hannun Japan a Fabrairun 1942. A 1944 aka ba ta lambar girma ta MBE.

Ostireliya dai ta shiga ranta tun tafiyar farko. A 1946 ta koma can ta zama shugabar Kwalejin Mata ta Jami'ar Sydney, ta yi sama da shekara goma. A 1958 aka ba ta shugabancin Abbotsleigh, makarantar 'yan mata ta masu hali a arewacin Sydney, duk da ba ta taɓa koyarwa a sakandare ba. Ta yi shekara 12 a wurin. Ta sassauta dokokin tufafi da na horo, ta ƙarfafa darussan kimiyya, ta shigo da ilimin jima'i da na haihuwa, ta kuma karkata darasin tarihi daga na Birtaniya zuwa na Ostireliya. Iyaye da dama ba su ji daɗi ba. Ita kuwa ba ta iya ɓoye ra'ayi ba, hakan ya sa gidajen rediyo da talabijin suka riƙa gayyatarta, har yawancin mutanen Sydney suka fi saninta da shugabar makaranta mai faɗin gaskiya fiye da tsohuwar kyaftin. Ta yi ritaya a 1970, ta rubuta littattafai a kan karatun 'yan mata. Har yau gasar muhawara ta makarantun 'yan mata a Sydney na ɗauke da sunanta. Ba ta yi aure ba. Ɗan uwanta Alexander, ɗan wasan kwaikwayo, shi ma a Ostireliya ya ƙare rayuwarsa.

Tana raye ta ga an kafa majalisar kurket ta mata ta duniya a 1958, ta ga gasar cin kofin duniya ta mata ta farko a Ingila a 1973, shekara biyu kafin ta maza, wadda Jamaika da Trinidad da Tobago suka halarta. Abin da ya fi jinkiri shi ne kulob ɗin MCC na Landan, mai filin Lord's kuma mai riƙe da dokokin wasan tun ƙarni na 18. Bai bari mata sun buga wasan ƙasa da ƙasa a filinsa ba sai 1976, bai amince su zama mambobi ba sai 1998. A 1999 ya zaɓi mata goma na farko ya ba su matsayin mamba na girmamawa, Archdale na cikinsu, tana da shekara 91. Shekara biyu kafin haka an riga an sa ta cikin jerin mutanen da Ostireliya ke kira taskar ƙasa masu rai.

Ta rasu a Sydney cikin Janairun 2000 tana da shekara 92. A Disambar shekarar, matan New Zealand suka doke Ostireliya da ratar maki huɗu suka ɗauki kofin duniya a karon farko, a garin Lincoln da ke 'yan kilomitoci daga Christchurch.