King Tubby, mai gyaran rediyon da ya gina amon rawar reggae

Wanda ya taso yana jin reggae a Yamai, Damagaram, Agadas ko Sabha ta kudancin Libiya, galibi ta kaset ya san shi: Bob Marley, Alpha Blondy, Lucky Dube, a Libiya kuma Ibrahim Hesnawi da ya rera shi da Larabci. Shi ya sa ake ɗaukar reggae kiɗan mawaƙi ne mai tsayawa a dandamali. A Jamaika ba haka abin ya faro ba. Can kiɗan fili ne, na unguwa, kuma mutumin da ya fi kowa sauya yadda yake faɗawa kunne ba mawaƙi ba ne, ba makaɗi ba ne. Mai gyaran rediyo ne, sunansa Osbourne Ruddock, duniya ta san shi da King Tubby.

An haife shi a Kingston ranar 28 ga Janairun 1941. Yana saurayi iyalinsa suka koma Waterhouse, unguwar talakawa a yammacin birnin, inda ya buɗe shagon gyaran rediyo da talabijin a titin Dromilly. A wancan zamani talakan Kingston ba shi da kuɗin garmaho, gidan rediyo kuma bai cika sa kiɗan da yake so ba. Sai wasu suka mayar da wannan giɓi sana'a. Mutum zai tara lasifikoki manya kamar kabad ɗin tufafi, da amfilifaya, da faifai, ya loda a mota, ya kafa su a wani fili mai shinge, a biya kuɗin ƙofa, a sayar da abinci da abin sha, a yi rawa har gari ya waye. Wannan tarin kayan sauti da mutanen da ke tafiyar da shi su ake kira sound system. Duke Reid, tsohon ɗan sanda, da Coxsone Dodd su ne manyan fagen a shekarun 1950. Kishin da ke tsakaninsu ya kai ana kankare sunan faifai don kada abokin gaba ya gane waƙar ya sayo tasa.

Kayan sauti kullum cikin lalacewa suke, ga zafi, ga danshin teku, ga 'yan ta-kife da abokan hamayya ke turowa. Ta wannan ƙofa Tubby ya shiga. Yana gyarawa, yana naɗa taransifoma da hannunsa, yana ƙera amfilifaya, har ya haɗa nasa kayan ya sa musu suna Hometown Hi-Fi. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 babu kamarsu a Kingston. Wasu sun fi shi ƙara, amma babu wanda ya kai shi tsabtar amo, kuma yana cikin na farko da suka sa wa kiɗan fili amsa-kuwwa.

A daidai lokacin ne wani kuskure ya buɗe sabuwar hanya. A situdiyon Treasure Isle na Duke Reid an yanka wa wani mai kayan sauti na Spanish Town, Ruddy Redwood, faifai aka manta ba a sa muryar mawaƙa ba. Da ya sa shi a fili, jama'a suka ɗauki waƙar da bakinsu. Daga nan aka fara buga kiɗa zalla a bayan kowane faifai. Tubby, wanda shi ma ya yi aikin yankan faifai wa Duke Reid, ya hango abin da ya wuce cire murya kawai. Zai bar muryar ta fara, ya datse ta tsakiyar kalma, ya bar wutsiyarta tana yawo cikin amsa-kuwwa. Zai janye jita da piyano, ya bar ganga da bes su kaɗai suna dukan ƙirji, sannan ya dawo da komai a tashi ɗaya. Wannan shi ne dub. Wanda ya taɓa ganin makaɗan kalangu sun yi shiru sun bar wa babbar ganga fili, sannan suka faɗo tare, ya san abin da hakan ke yi wa ƙafar mai rawa.

Gurbin da muryar ta bari ba a bar shi fanko ba. Mai riƙe makirufo a Hometown Hi-Fi, Ewart Beckford da ake kira U-Roy, shi ke cike shi da zuga da kirari da ba'a, kamar sanƙira a gaban makaɗa. A 1970 faifansa uku suka riƙe matsayi na ɗaya da na biyu da na uku a jerin waƙoƙin Jamaika. Wannan salon magana a kan kiɗa, da al'adar kafa lasifika a fili, su Kool Herc ya tafi da su unguwar Bronx ta New York, inda suka zama ɗaya daga tushen hip-hop.

A farkon shekarun 1970, da taimakon furodusa Bunny Lee, Tubby ya sayi tsohon teburin haɗa sauti na MCI mai layi huɗu daga situdiyon Dynamic Sounds. Ɗakin da ya kafa shi ƙarami ne, ba ya ɗaukar ƙungiyar makaɗa. A wani wuri ake naɗar kiɗan, a kawo masa tef ya sarrafa. Duk da haka kusan duk manyan masu kiɗan Rasta na wannan zamani sun bi ta ɗakin: Lee Perry, Yabby You, Glen Brown, da Augustus Pablo, wanda faifansu na 1976, King Tubbys Meets Rockers Uptown, har yau da shi ake auna dub. Abin mamaki, shi mai ɗakin ba Rasta ba ne. Mutum ne mai tsabta da tsari, mai son jazz, kuma ba ya yarda a sha wiwi a wurin aikinsa.

Rawar da ya gina ba ta mutu rana ɗaya ba, kuma ba abu ɗaya ya ci ta ba. Na farko bindiga ce. Gabar jam'iyyar PNP ta Michael Manley da JLP ta Edward Seaga ta raba unguwannin Kingston gida-gida, har Waterhouse ta samu laƙabin Firehouse saboda yawan harbi. A tsakiyar shekarun 1970 'yan sanda suka far wa wata rawa a yankin St Thomas suka ragargaza lasifikokin Hometown Hi-Fi, kuma daga nan Tubby ya ja baya daga fili. An kafa dokar ta-ɓaci a 1976. A shekarar zaɓen 1980 an kashe mutum fiye da 800. Rawar da dā ke haɗa unguwa da unguwa ta zama wurin da mutum ke tunani sau biyu kafin ya je. Bob Marley ya rasu a Mayun 1981, matasa kuma suka fara gajiya da wa'azin Sihiyona da Babila, suna son a yi musu zancen titi, da kuɗi, da mata.

Na biyu daga cikin gidansa ya fito. Tubby ya yaye almajirai, cikinsu har da Philip Smart, da Hopeton Brown da ake kira Scientist, da Lloyd James da ake kira Prince Jammy. A 1985 Jammy ya fitar da Under Mi Sleng Teng ta Wayne Smith, wadda aka ɗora a kan wani kiɗa da ke ajiye cikin ƙaramin kibod na Casio MT-40. Ba mai ganga, ba mai bes, ba masu busa. Da aka sa ta a karawar kayan sauti a titin Waltham Park, fili ya rikice, kuma cikin 'yan watanni furodusoshi suka gane ba sai sun biya makaɗa ba. A nan dub irin na Tubby ya rasa abincinsa, domin aikinsa rarraba kiɗan hannun mutane ne, yana ɓoye wannan yana fito da wancan. Kiɗan da inji ya tofo ba shi da wannan naman.

Tubby bai zauna yana kukan zamani ba. Ya gina sabon situdiyo, ya buɗe tambarin Firehouse da wasu, a shekarar kuma ya mayar wa almajirinsa martani da Tempo ta Anthony Red Rose, wadda ita ma da inji aka yi ta, ta kuma karɓu. Sai dai kambun ya riga ya koma, Prince Jammy ya zama King Jammy. Ranar 6 ga Fabrairun 1989, Tubby na dawowa daga situdiyo, aka harbe shi a ƙofar gidansa da ke Duhaney Park. Shekarunsa 48. An ɗauka fashi ne, kuma ba a hukunta kowa ba.

Bayansa doka ta ƙara matse abin da ya rage. Dokar hana hayaniya ta 1997 ta ce a kashe kiɗa da ƙarfe 12 na dare a ranakun aiki, ƙarfe 2 a ƙarshen mako, alhali a da lokacin ne rawa ke fara zafi. Tsohon salon, na faifai ɗaya a kan garmaho ɗaya da lasifikar da aka ƙera da hannu, ya fi samun mafaka a ƙetare: a Landan wurin Jah Shaka, wanda ya riƙe shi har rasuwarsa a 2023, da a Faransa, inda bikin Dub Camp ke tara dubban mutane kusa da Nantes. UNESCO ta sa reggae cikin kayan gadon duniya a 2018. A Kingston kuwa, mai neman irin wannan rawa yakan hau tudun Skyline Drive daren Lahadi, zuwa Dub Club, inda baƙi daga Turai da Japan kan cika wurin.