Malam Nasiru Kabara, Jagoran Ƙadiriyya

'Yan uwa, duk wadda ta taɓa ɗaukar yara daga Hotoro zuwa cikin gari kallon Maukibi ta ga aikin Malam Nasiru Kabara, ko da ba ta riske shi ba.

A Guringawa aka haife shi, ya yi karatu a hannun Malam Ibrahim Natsugune. Asalin kakanninsa kuwa Kabara ce, can kusa da Timbuktu.

A zamanin da ya taso, Ƙadiriyya ta zama kamar ta dattawan zaure kawai, samari duk sun karkata wani wajen. Bayan ya je Bagadaza a 1953, sai ya fito da ita fili: ga bandiri, ga tutoci, ga jerin gwano kowace shekara a watan Rabi'us Sani. Ya sha suka kan bandirin nan, ba kaɗan ba, amma bai ajiye shi ba.

Ya shugabanci makarantar shari'a ta Shahuci, ya yi tafsirin azumi a fadar Sarki. A ganina babbar kyautarsa gare mu ita ce fassara Alƙur'ani da Hausa, domin iyayenmu mata da yawa ba su samu zurfafa Larabci ba.

Ya rasu a Oktoban 1996, ɗansa Ƙaribullah ya gaje shi. Allah Ya jiƙan Malam.