Babikir Badri, Mayaƙin da Ya Buɗe wa Ƴan Mata Makaranta

Ku dubi taswirar Afirka da ke jikin bangon ajinku. Ku ɗora yatsa a kan Nijar, ku ja shi gabas, ku ƙetare Cadi. Ƙasar da kuka isa ita ce Sudan. Kakanninmu sun san ta sarai, domin ta nan mahajjata suke ratsawa in za su Makka, wasu a ƙasa, wasu bisa jakai da raƙuma. Da yawa daga cikinsu sun zauna can ba su komo ba, kuma har yanzu jikokinsu suna jin Hausa.

Manyan koguna biyu ne suke haɗuwa a cikin Sudan. Ɗaya shi ne Farin Nilu, wanda ya taso daga kudu, ya biyo ta Jabal Auliya, inda aka gama gina wata babbar madatsar ruwa a 1937. Ɗayan kuwa Shuɗin Nilu ne, mai gangarowa daga duwatsun Habasha. A mahaɗarsu birnin Hartum yake, a ƙetaren ruwa kuma ga Umdurman. In ka bi bakin Shuɗin Nilu ka yi tafiyar fiye da kilomita 100 daga Hartum, za ka iske wani gari ana ce masa Rufa'a. A nan ne wani yaro mai suna Babikir Badri ya girma, a tsakiyar ƙarni na 19. Babikir, a bakin mutanen Sudan, shi ne Abubakar.

A zamanin, renon ɗa namiji dabam, renon ɗiya mace dabam. Yaro ana kai shi makarantar allo, wadda su suke kira halwa. Ana koya masa kada ya yi kuka, kada ya gudu, kada ya nuna yana jin zafi. A wasu garuruwan arewacin ƙasar, in ana buki, samari sukan tuɓe riga su tsaya a gaban jama'a a yi ta zuba musu bulala, mata na guɗa, kamar dai yadda Fulani suke yin sharo. Wanda ya motsa ya ji kunya. Yarinya kuwa tana gida wajen uwarta. Ta niƙa dawa, ta toya wata waina mai faɗi da suke kira kisra, ta ɗebo ruwa, ta goyi ƙane. Tun tana ƙarama ake yi mata aure. Ƙalilan ne cikin ƴan mata suke iya karanta ko da sunansu.

Babikir ya yi karatun allo, ya haddace abin da aka ba shi. Yana saurayi sai ƙasar ta yamutse. A 1881 wani malami mai suna Muhammad Ahmad ya ce shi ne Mahadi, ya kira mutane su kori Turkawa da Misirawa masu mulkin Sudan. Babikir ya bi shi da zuciya ɗaya. Yana cikin rundunar da ta kewaye Hartum har birnin ya faɗi a watan Janairu na 1885. A lokacin ba ya tsoron harsashi, burinsa ma ya mutu a fagen fama. In da za a tambayi mutanen garinsu wane ne namiji, da sun nuna shi.

Bayan rasuwar Mahadi, magajinsa Halifa Abdullahi ya tura runduna arewa don ta ci Masar, ƙarƙashin wani jarumi, Wad Nujumi. Mayaƙan sun tafi da iyalansu. Babikir ma ya tafi da mahaifiyarsa da matarsa da ƴan'uwansa mata. Tafiyar ta yi muni ƙwarai. Abinci ya ƙare. Jiragen ruwan abokan gaba suka riƙa hana su kusantar kogi, ga ruwa suna gani, ga ƙishirwa na kashe su. A 1889 aka murƙushe rundunar a wani wuri mai suna Toshki, aka kashe Wad Nujumi. Babikir ya zama kamamme a ƙasar Masar, danginsa suka warwatsu.

Ku tsaya ku yi tunanin halin da ya shiga. Jiya mai takobi ne, yau baƙo ne marar ko anini. Sai ya kama ƙananan ayyuka na lada, yana bin garuruwa yana neman mahaifiyarsa da sauran matan gidansu. Ya ga yadda yaƙi yake yi wa mata: maza su tayar da shi, mata su kwashi yunwa da takaba da marayu. Bayan kamar shekara biyu ya samu ya komo Sudan, ya zauna a Umdurman, ya shiga fatauci.

Ran 2 ga Satumba 1898 sojojin Ingila da na Masar suka iso Karari, kusa da Umdurman. Suna da igwa da bindigogi masu aman harsashi ba tsayawa. Mutanen Halifa kuwa da yawa masu da takubba ne a hannunsu. Kafin rana ta take, an kashe musu mutum fiye da 10,000. Babikir yana wurin, Allah ya sa yana da sauran kwana. Da ya tsufa ya rubuta tarihin rayuwarsa, bai ɓoye ba cewa ran nan tsoro ya kama shi. Ba kowane tsohon mayaƙi ne zai yarda ya rubuta haka game da kansa ba.

Abin da ya gani a Karari ya tsaya masa a rai. Ya lura mutanensu ba su kasa kowa jarunta ba. Ilimin ƙera makamai da jiragen ruwa da hanyar jirgin ƙasa ne ya rinjaye su. Sai ya koma Rufa'a, ya ajiye maganar yaƙi, ya ɗauki alli. A 1903 ya buɗe makarantar zamani ta yara maza, shi ne kuma shugabanta. A shekarar nan ce aka yi yaƙin Burmi a ƙasar Nijeriya ta yanzu, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, daga baya suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kogin da ya bi ta Rufa'a.

Makarantar maza ba ta tayar da ƙura sosai ba. Amma kullum in Malam Babikir ya tashi daga aji ya koma gida, sai ya iske ɗiyansa mata a tsakar gida, masu kaifin hankali kamar ƴan'uwansu maza, ba mai koya musu baƙi ko ɗaya. Abin ya dame shi. Ya nemi izinin gwamnati ya buɗe wa ƴan mata makaranta. Turawan suka ƙi. Suna tsoron kada mutane su ce an taɓa musu al'ada da addini, a sake tayar da fitina. Bai haƙura ba, ya sake roƙo. A ƙarshe shugaban ma'aikatar ilimi, wani Bature mai suna James Currie, ya yarda, amma da sharaɗi: makarantar ta zauna cikin gidan Babikir, da sunansa, da kuɗin aljihunsa. Wato in abin ya ɓaci, shi kaɗai zai ɗauki laifi.

A 1907 aka fara. Ɗalibai 17 ne: tara daga gidansa, takwas daga gidajen maƙwabta. Ɗakin karatun na ƙasa ne, ba wani gini na a zo a gani ba. Ita ce makarantar zamani ta farko da wani ɗan Sudan ya buɗe domin ƴan mata. Ana koya musu karatu da rubutu da Larabci, da lissafi, da addini, da ɗinki, da tsabta da kula da gida.

Surutu ya tashi a gari. Wasu dattawa suka ce yarinyar da ta iya rubutu za ta riƙa aika wa samari wasiƙa. Wasu suka ce za ta rena mijinta, ko ma ta rasa mai aurenta. Har cikin danginsa an samu masu ganin ya zubar musu da mutunci. Bulalar buki takan ƙare kafin dare, amma bulalar baki kullum ce, a kasuwa da ƙofar masallaci da wurin zaman makoki. Malam Babikir bai yi faɗa da kowa ba. Dabararsa ita ce ya fara da ɗiyansa na cikinsa, don kada wani ya ce yana gwaji da ƴaƴan mutane. Kuma shi mutum ne da aka san ya yi karatun addini, aka san ya yi yaƙi, ba a iya ce masa matsoraci ko jahili. Sannu a hankali iyaye suka ga ƴan matan ba su lalace ba. Sun iya karanta Alƙur'ani da kyau, sun iya lissafin cefane, sun iya ɗinka wa ƙannensu riga. Masu zagi jiya suka fara kawo nasu.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun kafin a haifi Babikir, Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tana tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata a ƙasar Sakkwato.

Kada kuma ku ɗauka tunanin Malam Babikir daidai yake da na yau. Shi mutumin zamaninsa ne. Babban abin da ya sa a gaba shi ne samarin da suka yi karatu su sami mata masu ilimi, yara kuma su tashi a hannun uwaye masu sani. Amma wanda ya buɗe ƙofa ba shi ne yake ƙayyade inda masu fita za su tsaya ba. A 1921 gwamnati ta buɗe makarantar horon malamai mata a Umdurman. A 1952, yana da rai, Khalida Zahir, haifaffiyar Umdurman, ta gama karatun likita, tana cikin mata biyu na farko da suka zama likitoci a Sudan. A 1965 Fatima Ahmad Ibrahim ta zama mace ta farko da aka zaɓa a majalisar dokokin ƙasar.

Shi kuwa ya yi aiki a ma'aikatar ilimi, yana zagaya makarantu yana duba malamai. Da ya bar aikin gwamnati bai kwanta ba. Ya kafa wata makaranta tasa, ya sa mata suna Ahfad, daga baya ya mai da ita Umdurman, birnin da ya taɓa yin fatauci a ciki. Ya rasu a 1954, ya haura shekara 90, saura ƙasa da shekara biyu Sudan ta sami ƴancin kai.

Ɗansa Yusuf Badri ya ɗora daga inda ya tsaya. A 1966 ya buɗe kwalejin Ahfad ta mata zalla a Umdurman, da ɗalibai 23. A 1995 ta zama cikakkiyar jami'a, inda dubban mata suka karanta likitanci da haɗa magunguna da sha'anin kasuwanci da raya karkara. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya tsai da karatu a Hartum da Umdurman, ɗalibai da malamai suka watsu, kamar yadda iyalin Babikir suka taɓa watsuwa bayan Toshki. Jikansa Gasim Badri ya daɗe yana shugabantar jami'ar. Kalmar Ahfad, da Larabci, ma'anarta jikoki.