Marigayi Sir Cyril Clarke, Likitan Da Malam-Buɗe-Littafi Ya Nuna Wa Hanyar Ceton Jarirai

A karkarar Bafarawa da Isa da Sabon Birni, duk inda tumfafiya ta tsiro akan ga wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro. Tun yana tsutsa yake cin ganyenta yana tara dafi a jikinsa, saboda haka tsuntsaye ke gudunsa. Akwai kuma wani jinsi marar dafi wanda macensa ta ari kamannin wancan, ta tsira da ranta. Yadda ake gadon irin wannan kwaikwayo shi ne abin da marigayi Sir Cyril Clarke ya daɗe yana bincike a kai.

An haife shi a Leicester ta Ingila a 1907. Ya yi karatu a Kambirij da asibitin Guy's na Landan, ya yi aikin likita a rundunar sojan ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga nan ya zauna a Libaful. Kiwon malam-buɗe-littafi kuwa sha'awa ce kawai ta lokacin hutunsa.

Daga shekarun 1950 shi da Farfesa Philip Sheppard suka duƙufa kan wani jinsi na Afirka mai suna Papilio dardanus, wanda mazansa kamanni guda gare su, matan kuwa iri-iri, da yawansu na kwaikwayon wasu masu dafi. Bayan sun yi ta haɗa su barbara, suka gano cewa gurbi ɗaya ne cikin ƙwayoyin gado ke hukunta kamannin mace.

Wannan tsari ya tuna masa da yadda ake gadon rukunin jini na Rh. Idan uwa ba ta da Rh, jaririnta kuwa ya gado shi daga uba, jinin jaririn kan shiga nata wajen haihuwa, jikinta ya ɗauke shi abokin gaba, ya riƙa lalata jinin 'ya'yan da za su biyo baya. Wannan na daga cikin abubuwan da kan jawo wabi. A shekarun 1960 Clarke da Dokta Ronald Finn da abokan aikinsu suka tabbatar cewa allurar Anti-D, in an yi wa uwa cikin kwana 3 da haihuwa, tana hana wannan.

Ya shugabanci Kwalejin Likitoci ta Landan daga 1972 zuwa 1977, ya sami lambar Lasker a 1980, ya rasu a 2000. Duk mai juna biyu ya kamata ta san rukunin jininta tun awon farko.