ALHAJI MUSA ƊANƘWAIRO: MAKAƊIN DA YA ƊAUKAKA GIDAN KOTSO NA MARADUN

Daga Wakilinmu na Arewa, Nyanya, Abuja

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da sauran garuruwan Kurmi, a wannan mako za mu kawo muku tarihin marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, ɗaya daga cikin manyan makaɗan fada da ƙasar Hausa ta yi.

An haifi Musa wajen shekarar 1907 a ƙasar Bakura, cikin Lardin Sakkwato na wancan zamani, watau Jihar Zamfara ta yanzu. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne, kuma gidansu da kiɗan noma suka fara kafin su koma kiɗan sarauta a ƙarƙashin Sarkin Ƙayan Maradun. Tun Musa yana ƙaramin yaro yake bin mahaifinsa wurin kiɗa. Akwai wani mai amshi a cikin jama'ar mahaifin nasa da ake kira Ƙwairo, mai zaƙin murya ƙwarai. Da aka ji muryar yaron ta yi kama da tasa, sai aka riƙa kiransa Ɗanƙwairo, sunan kuwa ya bi shi har ya danne na yanka.

To, wanda yake so ya gane Ɗanƙwairo sai ya fara gane yadda kiɗan fada yake. Kiɗan fada gado ne, kuma kowane gida da irin hannunsa. Ibrahim Narambaɗa da kotso yake yi wa Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Salihu Jankiɗi da taushi yake yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato. Aliyu Ɗandawo shi ma mai taushi ne, a Argungu sa'an nan a Yawuri. Sa'idu Faru kuwa mai kotso ne, na Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo. Dattijon da kunnensa ya saba, ko daga bayan katanga ya jiyo kiɗa, zai faɗa maka gidan da ya fito tun ba a buɗe baki ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan al'ada ba. Masu kallon fim ɗin Indiya sun san 'yan gangunan nan biyu da ake kira tabla. A can ma gida-gida ake koyonsu, kuma gidajen da aka fi sani shida ne: Delhi, Ajrara, Laknau, Farukabad, Banaras da Panjab. Ɗa yana ɗauka daga uba, almajiri daga malami, kamar yadda Zakir Husaini, wanda ya rasu a 2024, ya ɗauka daga mahaifinsa Alla Raka na gidan Panjab. Da yatsu ake kaɗa tabla, kotso ma haka. Baki guda ke gare shi, ana rataya shi a kafaɗa, mai kiɗa yana matsa tsarkiyarsa yana saki don murya ta hau ko ta sauka. Irin wannan aiki ba a koyonsa a takarda, sai da zama kusa da wanda ya iya, shekara da shekaru.

Haka Musa ya yi. Da mahaifinsu ya rasu, sai wansa Abdu Kurna ya zama shugaban kiɗa, shi kuma Musa ya zama Daudun Kiɗi, watau mataimaki. Ya daɗe a wannan matsayi yana bin wansa, duk da muryarsa ta riga ta yi suna. Wannan haƙuri shi ya gina shi, domin a nan ya ƙware da abin da aka san gidan Maradun da shi, watau karɓeɓeniya. A wasu gidaje 'yan amshi maimaita gindin waƙa kurum suke yi. A nan kuwa jagora zai ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, shi kuma ya sake shigowa bisansu, kotsuna na tafe a ƙasa ba gaggawa. Idan mutum ɗaya ya yi jinkiri, waƙa ta ɓaci. Shi ya sa yawancin jama'arsa 'ya'yansa ne da danginsa, waɗanda suka tashi cikin abin.

Sunansa ya cika Arewa ne lokacin da ya zama makaɗin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. Gidan Rediyon Kaduna ya kai muryarsa har inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Bayan an kashe Sardauna ran 15 ga Janairu 1966, bai ajiye kotso ba. Ya yi wa 'Yandoton Tsafe waƙa, da Sarkin Kano Ado Bayero, da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da sarakuna da attajirai masu yawa. Da gwamnatin Janar Buhari ta fito da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, ya yi waƙar gargaɗi a kai. Abin lura shi ne, duk wannan yawo bai sa ya bar Hausarsa ta Zamfara ba, bai kuma canza kotso da kayan kiɗan zamani ba. Allah ya yi masa rasuwa a 1991, yana da shekara fiye da 80.

Har yau ana jin waƙoƙinsa a tashar motar Nyanya da rumfunan masu shayi, kuma mun tabbata haka abin yake a Agege da Sabon Badun. Sai dai kaset da wayar hannu murya kaɗai suke adanawa. Hannun mai kotso da kunnen ɗan amshi a jikin mutum suke zaune, idan kuwa babu yaron da ya zauna ya ɗauka, ranar da mai su ya kwanta dama sun tafi ke nan. 'Ya'yan Ɗanƙwairo sun ci gaba da kiɗa bayansa, amma gida ba ya tsayawa sai da masu gayyata.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa na Kurmi da attajiranmu, idan naɗi ko biki ya taso, a tuna da masu kotso da masu taushi na gida, a aika musu, a kuma sallame su da daraja. Allah ya jiƙan Musa Ɗanƙwairo, ya kyauta namu ƙarshe, amin.